Gyaran Ƙwayoyin Halitta da Cutar Sikila: Tambayoyi da Amsoshi

Wane sabon magani ne ake ta magana a kansa?

A watan Nuwamba na shekarar 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani maganin cutar sikila mai suna Casgevy, sannan Amurka ta bi sahu a watan Disamba. Shi ne na farko da aka ba izini wanda ya dogara da dabarar CRISPR, wato hanyar yanka ƙwayoyin halitta a gyara su, wadda ta jawo wa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna lambar yabo ta Nobel a 2020.

Ta yaya yake aiki?

Jariri a cikin mahaifa yana da irin nasa himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, kuma nasa ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini su koma kamar lauje yadda na mai sikila ke yi. Bayan haihuwa sai wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ta dakatar da shi, daga nan ne ciwon ke fara bayyana. Likitoci na ɗiban ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, su raunana aikin BCL11A a ɗakin bincike, domin jiki ya koma yin himoglobin na jarirta. Kafin a mayar masa da su sai an share ɓargonsa da magunguna masu ƙarfi irin na cutar daji, kuma nan ne wahalar take, domin zai yi makonni a asibiti, kuma yana iya rasa haihuwa. A gwajin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da ciwon ya tashi musu da tsanani ba. Duk wanda ya taɓa kwana a kan yaro yana kukan ciwon ƙashi ya san girman wannan.

Zai iso mana nan kusa?

Da wuya. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma yana buƙatar asibitin da ya ƙware a dashen ɓargo. Abin takaici shi ne Nijeriya, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a kowace shekara, ita ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar. A yanzu maganin hydroxyurea mai rahusa, wanda shi ma yake ƙara himoglobin na jarirta, ya fi kusa da hannun majiyyatanmu.

Wanda aka yi wa maganin zai iya gadar wa 'ya'yansa cutar?

Ƙwarai kuwa, domin gyaran ya tsaya ga ƙwayoyin jininsa, bai taɓa abin da yake gadarwa ba. Saboda haka gwajin jini kafin aure yana nan daram: idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.