Hoton maɗaciya kafin tiyata

Hoton maɗaciya bincike ne da likitoci ke yi da na'ura kafin su yanke shawarar cire maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama. Ita ce 'yar jakar da ke ƙarƙashin hanta, inda ruwan ɗaci ke taruwa har a ci abinci mai maiƙo ta matso shi cikin hanji.

Tarihi

Carl Langenbuch ne ya fara cire maɗaciya a Jamus a 1882, lokacin da likita ba shi da abin dogaro sai tafin hannunsa da bayanin majinyaci. A 1924 Evarts Graham da Warren Cole suka fito da ita a hoton eksire a Amurka, ta hanyar wani rini da hanta ke zubawa cikinta. Bayan shekara 4 aka gano sinadarin hanji da ke sa ta matsewa. A tsakiyar shekarun 1970 aka samar da gwajin HIDA, inda ake yin allurar sinadari mai ɗan tururin nukiliya, kyamara ta bi sawunsa daga hanta zuwa hanji.

Idan ba a ga tsakuwa ba

Sikan, wato hoton ciki da na'ura ke ɗauka ta hanyar sauti, na ganin tsakuwar da kan fito a cikin maɗaciya sosai, matuƙar majinyaci ya zo da yunwa, domin maɗaciyar wanda ya karya kumallo takan tsuke. Wahalar tana ga wanda ciwo ke turnuƙewa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a saman ciki, amma sikan bai nuna komai ba. A nan ake amfani da gwajin HIDA a auna yawan ruwan da maɗaciya ke fitarwa, kuma a yarjejeniyar masana ta 2011, ƙasa da kashi 38 cikin 100 a minti 60 rauni ne. Binciken da aka fi kafa hujja da shi kan amfanin tiyata ga masu wannan rauni, na Ostareliya a 1991, mutum 21 kacal ya ƙunsa, shi ya sa ƙa'idojin Rum na 2016, waɗanda masana cututtukan ciki suka tsara, suka ɗauki sakamakon awon a matsayin ƙarin shaida kawai, suka fifita yanayin ciwon kansa. Har yanzu akwai saɓani.

A Akara

Asibitin Korle Bu na da sashen binciken nukiliya, amma sikan aka fi yi. A unguwannin Nima da Mamobi kusan duk ciwon saman ciki "olsa" ake ce masa, alhali a masu sikila tsakuwar maɗaciya kan fito tun suna yara.