Ayu da jiragen ruwa a Kogin Kwara

Ayu dabbar ruwa ce mai shayarwa da ke rayuwa a koguna da tafkunan Afirka, daga Senegal har Angola. A Jihar Kebbi ana samunsa a Kogin Kwara, musamman ta wajen Yauri da Ngaski, inda kogin ke buɗewa ya zama tafkin Kainji. Babban ayu yakan kai mita 3, nauyinsa ya haura kilo 300. Ciyawar ruwa ce cimarsa, irin su burugu. Ba ya numfashi a ƙarƙashin ruwa, sai ya ɗago hancinsa sama bayan 'yan mintuna, ya shaƙa, ya sake nutsewa. Macen kan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya.

Tarihi

Masunta sun daɗe da sanin ayu. Sarkawa, waɗanda tushensu ke komawa ga tsohuwar daular Kabi, sun yi suna wajen farautarsa da zago, kamar yadda suke yi wa dorina da kada. Mafarauci kan kwana cikin kwale-kwale a gefen ciyawa, ba motsi, ba magana, yana sauraron hucin numfashi. Ba kowa ke wannan farauta ba, gado ce, kuma akan haɗa ta da asiri, domin mutane da yawa na ɗaukar ayu a matsayin mai alaƙa da iskokin ruwa. Ana cin namansa. Man ayu kuwa har yau sunansa na yawo a bakin masu maganin gargajiya da masu kayan mata.

Da sunansa na Hausa ma labarin ayun kogunan cikin ƙasa ya kai Turai. Wajajen 1855 matafiyi Bajamushe Eduard Vogel ya aika bayanin wata dabba da ya ji ana kira ayu a Binuwai, Richard Owen na Ingila ya raɗa mata sunan Vogel a 1856. Daga baya aka gane jinsi ɗaya ce da ayun bakin teku da masana suka riga suka raɗa wa suna tun 1795.

Babban sauyi ya zo da madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Ruwa ya cinye tsibirai da fadamu, aka tashi mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawan Yauri. Madatsar ta raba ayun sama da na ƙasan kogi, ta Jebba kuma ta ƙara yanka hanyar a shekarun 1980. Dabbar da ta saba bin ambaliya zuwa fadama ta koma zaman wuri ɗaya.

Jiragen inji

Kwale-kwalen sanda da matuƙi ba ya yi wa ayu komai. Jirgin inji daban ne. Ayu na tafiya a hankali, kuma a ruwa marar zurfi yake kiwo, daidai inda jiragen kasuwa ke ratsawa da lodin fasinja da buhuna. Idan farfela ta same shi takan bar masa tsage-tsage a jere a gadon baya. A Fulorida ta Amurka, inda ɗan'uwansa yake, da waɗannan tabunan ake bambance ayu ɗaya da wani. Masana sun saɓa kan ko ayu na jin ƙarar inji da wuri. A Afirka dai farauta da faɗawa cikin taru su ne aka fi ambata a matsayin ajalinsa, kuma abin takaici ne yadda uwa ɗaya da ta mutu ke tafiya da ɗan da take shayarwa.

Irin wannan matsala ce ke damun kifin wel, wata ƙatuwar dabbar ruwa mai shayarwa, a teku: manyan jiragen dakon kaya na banke shi, ƙararsu na danne kiran da yake yi wa 'yan'uwansa. Tun 2008 Amurka ta taƙaita gudun manyan jirage a wasu sassan gaɓarta ta gabas a lokutan da wel ke wucewa.

Doka

Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ɓacewa ta hana kashe ayu. A 2013 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.