Takardar ECG za ta iya faɗin wanda na'urar CRT za ta amfana?

*Mece ce CRT, kuma me ya haɗa ta da ECG?*

A wasu masu gazawar zuciya, wutar da ke sa zuciya bugawa tana makara kafin ta isa bangon ɗakin hagu na ƙasan zuciya. Sai gefe ɗaya ya matse, ɗayan bai shirya ba, kamar mutum biyu suna matse babban bargo, ɗaya ya murɗa, ɗayan bai riƙe ba tukuna. Ruwan ba zai fita da kyau ba, haka jinin ma. CRT na'ura ce mai batir da ake sakawa ƙarƙashin fatar ƙirji, da wayoyi zuwa ɓangarorin zuciya biyu, don su riƙa matsewa tare. Makarar wutar kuwa a takardar ECG ake ganinta, wato gwajin da ke zana wutar zuciya a kan takarda.

*Ina likita yake dubawa a takardar?*

Akwai tsinin da ake kira QRS, alamar wutar da ke ratsa ɗakunan ƙasa. A takardar, kowane ƙaramin gida milisakan 40 ne (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). QRS na lafiyayye ba ya kai gida uku, wato 120. Idan ka ga likita ya ɗora bakin biro yana ƙirga gidajen, wannan yake nema. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2021 sun fi ƙarfafa saka CRT ga wanda QRS ɗinsa ya kai 150, mai toshewar hanyar wuta ta hagu da ake kira LBBB, wanda ƙarfin turin jininsa bai wuce kashi 35 cikin ɗari ba duk da ya jima yana shan magani.

*Ke nan faɗin QRS kawai ya isa?*

A'a, nan ne ma ake yawan tuntuɓe. Siffar tsinin ta fi faɗinsa muhimmanci. Binciken MADIT-CRT na 2009, da aka sake bibiyar sakamakonsa, ya nuna masu LBBB ne suka kwashi amfanin, masu toshewar dama kuwa ba su samu abin a zo a gani ba. Shi kansa LBBB ɗin akwai na gaske akwai mai kama da shi, domin zuciyar da ta yi kauri tana iya faɗaɗa QRS ba tare da toshewa ba. Shi ya sa a 2011 mai bincike Strauss da abokan aikinsa suka tsaurara ma'aunin LBBB: milisakan 140 ga maza, 130 ga mata, sannan a ga ɗan tsagi a tsakiyar tsinin a layukan ECG biyu ko fiye. Bambancin nan na mata ba ado ba ne. Zuciyarsu ta fi ƙanƙanta, don haka makara kaɗan a wurinsu babba ce.

*Wanda QRS ɗinsa siriri ne fa, a gwada masa mana?*

Kada a soma. Binciken EchoCRT na 2013 ya gwada a masu ƙasa da 130, aka dakatar da shi, mace-mace sun fi yawa a waɗanda aka kunna wa na'urar fiye da waɗanda aka saka wa ba a kunna ba.

*Me ya sa ba a dogara da eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ba, tunda shi yana nuna motsin zuciyar?*

An gwada. Binciken PROSPECT na 2008 ya nuna ma'aunan eko ba su hasashe yadda ya kamata, masu karantawa ma suna saɓa wa juna. A ganina abin ban sha'awa ne: gwaji mai arha ya kayar da mai tsada.

*To in takarda ta yi kyau, an gama?*

Har yanzu kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya samun sauƙin da aka zata. Tabon da toshewar jijiyar jinin zuciya ta bari a daidai inda aka ajiye wayar hagu, ko bugu marar tsari da ke hana na'urar jan ragama, duk suna ɓata lissafi. Yanzu masu bincike suna auna girman filin da ke ƙarƙashin QRS, wasu kuma suna koya wa kwamfuta karanta dubban takardu, amma ƙa'idojin asibiti har yanzu faɗi da siffa suke tambaya.