Shelby Cobra: motar da mai kiwon kaji ya ƙera don ya kayar da Ferrari

Wace mota ce Cobra, kuma waye ya ƙera ta?

Ƙaramar mota ce mai kujera biyu, ba ta da rufi, an yi ta daga 1962 zuwa 1967. Mai ita Carroll Shelby, mutumin jihar Texas ne a Amurka. Ya taɓa kiwon kaji, cuta ta shiga ta kashe masa su, sai ya koma tseren motoci. A 1959 shi da Roy Salvadori suka ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa cikin motar Aston Martin. Ciwon zuciya ya sa shi ajiye sitiyari a 1960. A ƙarshen zamanin tserensa da ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe yake tuƙi.

Ana ce mata motar Amurka, amma ba a Ingila aka yi bodinta ba?

Haka ne. Kamfanin AC da ke Ingila yana da wata mota mara nauyi mai suna Ace, mai bodin alminiyam, sai kamfanin Bristol ya daina yin injin da ake sa mata. Shelby ya ji labari a 1961, ya rubuta musu takarda cewa su ba shi bodi, shi zai kawo inji. Ya fara neman Chevrolet, suka ƙi, don ba su son kishiya ga Corvette ɗinsu. Ford kuwa ya ba shi sabon inji mai silinda takwas, lita 4.3. A Fabrairun 1962 bodin farko ya sauka a Kalifoniya ta jirgin sama, babu inji a cikinsa, makanikai suka ɗora masa a rana guda.

Wannan mota ɗaya, mai lambar shasi CSX2000, ita kaɗai Shelby yake da ita a lokacin. Sai ya riƙa sake mata fenti duk sanda zai kai wa 'yan jarida, su ɗauka motoci ne birjik a gareji. A ganina ta cancanci sunan motar Amurka, domin inji da dabara da yawancin direbobin da suka yi mata suna daga can suke.

Me ta taɓuka a fagen tsere?

A cikin gida ba ta ɓata lokaci ba, a 1963 ta riƙa barin Corvette a baya. Matsalar tana Turai. A Le Mans akwai miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne mai kusan kilomita 6, inda mota mara rufi take fama da iska komai ƙarfin injinta, Ferrari 250 GTO ta wuce ta abinta.

Wani matashin mai zane a wurin Shelby, Peter Brock, ya zana sabon bodi mai rufi, hanci a zube, baya kuma a datse kamar an sare shi da adda. Yawancin ma'aikatan garejin ba su yarda da zanen ba, suna ganin muni kawai. Ken Miles, direban gwaji kuma injiniya ɗan Ingila, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsaya masa. Da aka fito da motar, wadda aka sa wa suna Daytona Coupe, gudunta ya kai kusan kilomita 300 a awa da inji iri ɗaya da na mara rufin, lita 4.7.

Shida kacal aka ƙera. Ta farko a Kalifoniya, sauran biyar a garin Modena na Italiya aka buga musu bodi, wato a ƙofar gidan Ferrari. A 1964 Dan Gurney da Bob Bondurant suka ci rukunin GT, wato na motocin tsere masu asali daga motocin hawa titi, a Le Mans da ita, suka zo na huɗu a jimlar motoci. A 1965 Shelby ya ɗauki kambun duniya na kamfanoni a rukunin GT, karo na farko ga wani kamfanin Amurka, kuma an tabbatar da nasarar a tseren Reims na Faransa ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka. Ni dai wannan mota mai rufi ita ce Cobra ta gaske, ko da yake ba ita ce ake yawan gani a hotuna ba.

To ina wadda ake kira 427?

Ita ce mai faɗin ƙugu da manyan tayoyi, injinta lita 7, ta fito a 1965. Doka ta ce sai an ƙera guda 100 kafin a shigar da ita rukunin GT, masu duba suka zo suka tarar ba a kai ba. Motocin tseren da suka yi kwantai, guda 31, aka ɗan gyara su aka sayar don hawa kan titi da sunan S/C. Salansarsu a gefen ƙofa take, mai fita da gajeren wando yana iya ƙona ƙafa, zafin inji kuma yana dukan tafin ƙafar direba. Wasu 427 na kan titi ma injin 428 mai rahusa aka sa musu.

Me ya sa take da tsada haka?

Ƙarancinta da tarihinta. Duk Cobra na asali ba su cika 1,000 ba. A 2016 aka sayar da CSX2000 a gwanjo kan dala miliyan 13.75. A 2009 Daytona Coupe ɗin da ta tabbatar da kambun 1965 ta tafi kan dala miliyan 7.25. Daytona Coupe ta farkon kuwa, CSX2287, ta yi shekara kusan 30 a kulle a wani ɗakin ajiya a Kalifoniya har aka ɗauka ta ɓace, sai a 2001 ta bayyana. Yanzu tana gidan tarihin motoci na Simeone a Philadelphia, ba a sake mata fenti don ta yi ƙyalli ba.

Idan na ga Cobra a hoto ko a titi, ta asali ce?

Da wuya. Tana cikin motocin da aka fi kwaikwayo a duniya, kamfanoni da yawa suna sayar da bodi da shasi mutum ya haɗa a garejinsa, yawanci bodin faiba maimakon alminiyam. Masu saye na gaske lambar shasi suke fara dubawa: CSX2 da lambobi uku ga masu ƙaramin inji, CSX3 ga 427. Sannan su bi rajistar da ƙungiyar masu motocin Shelby take riƙe da ita, su ga wa ya mallake ta, a wane fili ta yi tsere, wane haɗari ta taɓa yi, kuma nawa ne ya rage na ƙarfen da ya fito daga Ingila.