Amon Jitar Lantarki, Saitinta da Rigimar Suna: Tambayoyi da Amsoshi

A situdiyoyin Katsina fiyano ce ke riƙe da kiɗa, jita kuwa sai jefi-jefi. Amma tun da kiɗan Buzaye na Agadez ya cika wayoyin matasa, ga kuma Maraɗi a bayan Jibiya da Damagaram a bayan Daura, masu sha'awar jitar lantarki sun ƙaru, haka ma masu kaɗa ta a coci-coci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyo suka fi maimaitawa.

Malam, daga ina amon jitar lantarki yake fitowa, tunda ba ta da ƙoƙo?

Daga fikof, wato ɗan akwatin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. A cikinsa akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai 'yar ƙaramar wuta ta taso a cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya, lasifika ta mayar da ita sauti. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a nan. Inda aka dasa fikof ɗin ma yana da tasiri: na kusa da wuya amonsa kauri da taushi, na kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kansa a jikin jitar, kuwa kaifi gare shi, yana ratsa hayaniyar taro.

Me ya bambanta muryar Fender da ta Gibson?

Waɗannan kamfanonin ƙera jita ne guda biyu, kuma bambancin na gaske ne, kunne yana jin sa. Leo Fender ya fito da Telecaster a 1951 da Stratocaster a 1954, duka da fikof mai naɗi ɗaya, mai amo garau kamar an wanke shi. Gibson ta fito da Les Paul a 1952, sannan a 1957 ta saka mata fikof mai naɗi biyu wanda injiniyanta Seth Lover ya ƙirƙira. Wannan amonsa ya fi cika da nauyi, kuma ya fi saurin sa amfilifaya ta yi ruri. Sai tsawon tsirkiya: a Fender inci 25.5 ne, a Gibson 24.75. Tsirkiya mai kauri ɗaya za ta fi tauri a yatsa a kan Fender, ta fi laushi wajen lanƙwasawa a kan Gibson.

Mai son kiɗan sahara, inda yatsu ke gudu kuma ake son kowane sauti ya fita daban, yawanci naɗi ɗaya zai fi yi masa. Mdou Moctar na Nijar, wanda bahago ne, da Stratocaster aka fi saninsa.

Katako fa? An daɗe ana musu a kansa. A ganina tasirinsa bai kai na fikof, amfilifaya, lasifika da hannun makaɗi ba. Doguwar waya mai arha ma tana cinye kaifin sauti fiye da yadda canjin katako zai yi.

Jitata tana ƙugi da zarar na kunna amfilifaya, musamman a kan janareta. Ta lalace ne?

Da wuya. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwasar ƙugin wutar lantarki da ke kewaye da shi, wadda a Najeriya take kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Don maganin wannan aka yi mai naɗi biyu: an juya naɗi ɗaya ya saɓa wa ɗayan, sai ƙugin ya kashe kansa, kiɗan ya wuce. A yawancin Stratocaster na zamani, idan ka ɗora makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4, fikof biyu ne ke aiki tare, ƙugin zai ragu sosai.

Gwada wannan: ɗaga hannunka daga jitar ka saurara, sannan ka ɗora tafinka a kan tsirkiyoyin. Idan ƙugin ya lafa, wayar da ta haɗa jaki da ƙasan da'irar tana nan lafiya. Idan bai canza ba ko ya ƙaru, a buɗe baya a duba, wataƙila dalma ta saki. Ka kuma nisanci cajar waya, firji da fitila mai arha. Abin da ba na wasa da shi shi ne jin wuta tana ɗan cizon leɓe a makirfo ko yatsa a tsirkiya. Nan take a kashe komai a kira mai gyaran wuta, domin alama ce ta rashin wayar da ke sauke wuta ƙasa, kuma irin wannan ya taɓa kashe makaɗa a kan dandamali.

Ba ta riƙe saiti. In sayi sababbin kunnuwa?

Dakata tukuna, ƙanena. Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Kunnen jita, wato abin da ake murɗawa a saita tsirkiya, haƙoran ƙarfe ne da aka tsara ta yadda jan tsirkiya ba ya iya juya su baya, ko da na arha ne, sai dai in haƙoran sun cinye. Mai laifin yawanci yana wani wurin.

Na farko ɗaurin tsirkiya. Za ka ga jita an tula wa sandar kunnenta naɗi bakwai ko takwas, wani a kan wani, suna zamewa a hankali duk lokacin da aka kaɗa. Naɗi biyu zuwa uku sun isa a tsirkiya mai kauri, a ɗan ƙara a sirara, kowanne ya kwanta ƙarƙashin na samansa a jere. Bayan an ɗaura sabuwa, a kama ta a tsakiya a ɗan ja ta sama, a sake saiti, a maimaita har ta daina sauka.

Na biyu, kuma shi ne babba, ɗan jakin da ke bakin wuya, mai tsaga shida. Kana murɗa kunne sauti bai motsa ba, can sai ka ji "ƙyas", ya yi tsalle ya wuce inda kake so. Tsirkiyar ce ta maƙale a tsagarta. Sassauta ta, ɗaga ta gefe, ka goga bakin fensir a cikin tsagar har ta yi baƙi, ka mayar. Sau da yawa shi ke nan. Idan ka koma tsirkiya mai kauri, misali daga lamba 9 zuwa 11, dole mai gyara ya ɗan buɗe tsagar. Masu Les Paul sun san wannan ciwon a tsirkiyar G, saboda yadda kan jitar ya kwanta baya kuma tsirkiyar ta karkace kafin ta kai kunnenta.

Kuma a riƙa hawa zuwa sauti daga ƙasa. In ka zarce, sauko ƙasa da shi sannan ka sake hawa.

To kunnuwa masu kulle, irin na Sperzel, Gotoh ko Schaller, ba su da amfani ke nan?

Suna da shi. Suna damƙe tsirkiyar a cikin ramin sanda, ba ka buƙatar naɗi da yawa, canji kuma ya zama na minti kaɗan. Ga mai yawan wasa da sandar girgiza sauti suna taimakawa. Amma ba su warkar da tsaga mai kama tsirkiya. Lambar da ake rubutawa, 14:1 ko 18:1, tana nufin sau nawa za ka juya kunne kafin sandar ta zagaya sau ɗaya. Babbar lamba tana ba da saiti mai laushi, ba ta ƙara riƙo.

Jakin Floyd Rose, wanda ya bayyana a ƙarshen shekarun 1970, yana kulle tsirkiya sama da ƙasa, kuma yana riƙe saiti ƙwarai. Sai dai tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun watse, ga neman ɗan makullinsa a tsakiyar biki. Ba na ba mai koyo shawararsa a garin da kayan gyara sai an aika Kano ko Legas.

Me ya sa jitar da ke lafiya a damina take canza hali da hunturu?

Katako yana shan danshi yana kuma saki. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Katsina kuwa yana yin ƙasa da haka nesa. Allon wuya sai ya tsuke, bakin ƙarafan da ke kansa su leƙo gefe suna karce hannu, wuyan ya ɗan sauya lanƙwasa, tsirkiya ta fara zizar ƙarfe ko ta yi nisa da yatsa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake gyara wannan da ita, amma rubu'in juyi ko ƙasa da haka ake yi, a jira kwana a gani. A ajiye jita cikin jakarta, kada a bar ta a but ɗin mota da bazara. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba: a goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa.

Abokina ya rantse in ba Fender ko Gibson ba ce, ba jita ba ce. Gaskiya ne?

Na fahimci son. Mutum ya ga gwaninsa riƙe da wata jita, hannunsa ya saba da wuyanta, ga ta da daraja in za a sayar. Amma sunan da ke kan jita bai tsaya wuri ɗaya ba. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 ya sayar a 1985, kuma har yau masoyanta suna gardamar wace shekara ce ta fi kyau. Gibson ta mallaki Epiphone tun 1957, Fender kuma ta fara fitar da jitocin Squier a 1982, dukansu don mai ƙaramin ƙarfi. Masana'antar Cort da ke Indonesiya tana ƙera wa kamfanoni da dama jita, kowanne a buga masa sunansa. Jitar da Slash, makaɗin Guns N' Roses, ya yi rikodin kundin farko na ƙungiyarsu da ita, wanda ya fito a 1987, ba Gibson ce ta ƙera ta ba, wani maƙeri ne ya kwaikwayi Les Paul. Mdou Moctar kuwa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wannan son suna yake jefa yaranmu hannun masu jabu. Yaro ya tara kuɗi wata da watanni, ya ƙi Yamaha Pacifica ko Squier ta gaskiya, ya ɗauko wata mai tambarin Gibson a farashin da ko jakar ta asali ba zai saya ba.

Idan zan sayi ta hannu, me zan duba?

Ɗora ƙasan jitar a ƙasa ka leƙa wuyan daga sama, ka ga ko ya murɗe. Murɗaɗɗen wuya ba ya gyaruwa da arha. Danna kowane gida, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan allon wuya, a kowace tsirkiya. Kwatanta sautin tsirkiya a sake da sautinta a gida na 12: in na 12 ya ɗara, ana ja da mazaunin tsirkiyar baya a kan jaki, gyara ne na sukurdireba. Jona ta a amfilifaya ka juya kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi. In an ce maka Gibson ce, dubi ɗan murfin da ke kan jitar kusa da bakin wuya: ta asali galibi kusoshi biyu ke riƙe da shi, jabu kuwa sau da yawa uku. Sannan ka ware kuɗin sababbin tsirkiyoyi da ladan mai saiti tun kafin ku fara ciniki.