Me ake nufi da "harshe na biyu"?

A wurin masana ilimin harsuna, harshe na biyu shi ne duk harshen da mutum ya koya bayan wanda ya tashi da shi ya riga ya zauna masa a baki. Ba ƙidaya ake yi ba: Bahaushen da ya iya Fulatanci da Turanci kafin ya zo Madina karatu, Larabcin da zai koya a nan shi ma harshe na biyu ne. Wasu masanan sukan bambanta shi da baƙon harshe, wato wanda ake koyo a aji kawai a ƙasar da ba a harkar yau da kullum da shi. Bisa wannan rabe-raben, Larabci baƙo ne ga ɗalibin Islamiyya a Kano, amma na biyu ne ga wanda yake cefane da shi a Jidda.

Sai dai Larabci yana rikita wannan ma'ana, domin abin da ake koyarwa a aji fusuha ce, wato daidaitaccen Larabci na littattafai, abin da direba da mai shago suke yi kuwa ammiyyar Hijaz ce, wato Larabcin yau da kullum na yankin Makka, Madina da Jidda. Masanin harsuna Charles Ferguson ya yi rubutu a kan irin wannan zaman harshe mai fuska biyu a 1959, kuma Larabci na cikin misalansa. Shi ya sa ake samun ɗalibin da ya haddace ƙa'idojin nahawu, yana i'irabi ba tuntuɓe, amma ya kasa cinikin kuɗin mota.

Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana da ma'ahad, wato cibiya, na koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, haka ma Ummul Ƙura a Makka. A Sudan kuwa an buɗe ma'ahad na ƙasa da ƙasa a Khartoum a 1974 don horar da malaman wannan fanni. Littattafan da ake amfani da su, irin su Al-Arabiyya Baina Yadaik, an tsara su ne don ɗalibai daga ko'ina, saboda haka ba su san inda Bahaushe yake samun sauƙi ko cikas ba.

Nan ne binciken kwatanta harsuna, wanda masanin harsuna Robert Lado ya yi fice da shi a 1957, yake da amfani, ko da yake ba kowane kuskure yake iya hangowa ba. Bahaushe ya zo da jari: kalmomin aro masu ɗimbin yawa, ga bambancin namiji da mace da ya saba da shi tun a harshensa. Cikas ɗinsa yana wurin sautuka. Harafin da Larabawa suke furtawa a "ƙadi" da "wudu'u" ya koma lam a bakin kakanninmu, har muka sami alƙali da alwala, kuma ɗalibi yakan ɗauko wannan sabo ya shiga aji da shi. Musanna ma, wato siga ta musamman don abu biyu, babu ita a Hausa. A ganina malamin da ya san waɗannan wurare ya fi littafi mai tsada amfani ga ɗalibinsa.

Ga 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Makka, lamarin yakan juye. Da yawansu Larabcin unguwa ne ya fi ƙarfi a bakinsu, Hausa kuwa suna jinta a wurin iyaye amma ba sa rubuta ta. Masana suna kiran irin wannan harshen gado, kuma kayan koyarwar da suka dace da shi daban ne da na wanda bai taɓa jin harshen ba.