Ganin laifi ba ya nufin a busa usur a ƙwallon ƙafar Amurka

Sabon alƙalin wasa, musamman wanda ya taso da kallon ƙwallon ƙafa irin tamu, yakan ɗauka da zarar ya ga laifi sai ya busa usur. A ƙwallon Amurka ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren yana ɓata wasa ƙwarai.

Idan laifin ya faru ƙwallo tana tafe, kamar riƙe abokin hamayya da hannu, abin da za ka yi shi ne ka jefa ƙyalle ruwan ɗorawa da alƙalai ke nuna laifi da shi a daidai wurin, ka riƙe lambar mai laifin da launin rigarsa a zuciya, ka ci gaba da bin wasa. Sai ƙwallo ta mutu, wato wasa ya tsaya, sannan ka sanar da babban alƙali. Dalili kuwa shi ne ƙungiyar da aka yi wa laifin tana da damar ƙin karɓar hukuncin, wato matsar da ƙwallo yadi 10 don amfaninta, idan abin da ta samu a wasan ya fi mata. Ka busa da wuri, ka raba ta da wannan zaɓin, har ma ka iya kashe mata maki shida da ake samu idan an kai ƙwallo ƙarshen fili.

Laifin da ake busa wa nan take shi ne wanda ya auku kafin a saki ƙwallo a fara wasa, kamar ɗan layin gaba na ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ya motsa kafin lokaci, hukuncinsa yadi 5.

Da an fara, ka cire usur daga baki. Kada ka busa sai ka ga ƙwallon da idonka a hannun wanda ya faɗi. Ƙyallen ma kada ka auna mutum da shi: a 1999 irin wannan jifar ta raunata idon Orlando Brown, ɗan wasan ƙungiyar Cleveland Browns.